3.2 Hanyoyin Rage Tsagewar Titin Kwalta

Kwalta takan saki idan rana ta take, ta kuma takure idan sanyi ya sauko, musamman da daren hunturu. Wannan ne ke sa titi ya tsage a gicciye. Hanya ta farko ta rage haka ita ce zaɓen kwaltar da ta dace da yanayin wuri. Alal misali, a tsarin da Amurka ta fito da shi a 1993, kwalta mai lamba 64-22 tana jure zafin digiri 64 da sanyin digiri 22 ƙasa da sifili. Ta biyu, akan gauraya kwalta da garin tsohuwar taya domin ta ƙara danƙo. Ta uku, akan liƙe tsaga kafin damina, domin idan ruwa ya shige ta, nan da nan sai ta zama rami.