AMSOSHIN WASIƘUNKU: Na Sha Kafso Tari Bai Tafi Ba

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai fataucin albasa a Gwadabawa. Ya ce tun farkon hunturu yake tari da zazzaɓi, ya sayi kafso kala uku a kemis, babu sauƙi. Yana tambaya, shin jabu aka sayar masa?

To Malam, sannu da jiki. Jabun magani akwai shi, amma sau da yawa maganin na gaske ne, ƙwayar cutar ce ta daina jin sa. Manoma kun san wannan. Feshin da ke kashe ƙwarin wake a da, yau sai ka fesa su kakkaɓe fiffike. Haka ƙwayoyin cutar huhu suke. In ana shan kafso barkatai, raunanan cikinsu su mutu, masu taurin kai su rage su hayayyafa.

Yaya za a gane maganin da zai ci su? Sai an gwada. A manyan asibitoci, irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo nan Sakkwato, likita zai tura ka ɗakin gwaji da 'yar roba mai murfi. Da sassafe ka kurkure baki da ruwa, ka yi tari mai zurfi, ka tofa kakin da ya fito daga ƙirji. Kaki fa, ba miyau ba! In kana kan shan wani magani, ka faɗa wa likita, domin yakan ɓoye ƙwayar.

Ma'aikatan sai su "shuka" kakin a wani ɗan faranti mai abincin ƙwayoyin cuta, su ajiye shi a ɗumi irin na jikin mutum, wajen digiri 37, ya kwana. In ƙwayar ta tsiro, sai a shimfiɗa ta a sabon faranti, a ɗora 'yan takardu ƙanana, kowace da nata magani. Washegari a duba. Maganin da ke aiki za ka ga ya share fili kewaye da shi, kamar an yi noma gindin shuka. Wanda ƙwayar ta raina kuwa, har jikin takardar take tsirowa. Ana auna faɗin filin, a rubuta wa likita. Duka kwana 2 zuwa 3 ne.

Amma Malam, tarin da ya kai mako 2 dole a nemi tarin fuka. Ƙwayarsa tana ɗaukar makonni kafin ta tsiro a faranti. Shi ya sa ake amfani da injin GeneXpert, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2010. Cikin kamar awa 2 yake nuna ko akwai cutar, da kuma ko ta daina jin rifampicin, babban maganinta. Maganin tarin fuka kyauta ne a asibitin gwamnati, kuma wata 6 ake sha. Wanda ya yanke a tsakiya yana iya koya wa cutar taurin kai, ya kuma kai wa iyalinsa ita.

Saboda haka kuɗin kafso na huɗu, yi kuɗin mota da shi ka zo asibiti. Allah ya ba ka lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.