Mene ne shirin horar da matasa a wajen makaranta bayan yaƙi?

Ana yawan ambatonsa duk lokacin da ake batun sulhu. Horo ne da ba ya bin tsarin aji da jarabawa: koyon sana'a, yaƙi da jahilci, wasan ƙwallo, wasan kwaikwayo da zaman sauraren juna, galibi a ƙarƙashin ƙungiyoyin sa-kai ko hukuma.

Manufarsa ita ce a zaunar da yaron da ya riƙe bindiga da wanda bindigar ta raba da gidansu a wuri guda, su yi aiki tare har gaba ta ragu. Saliyo ta gwada hakan bayan yaƙin basasar 1991 zuwa 2002, inda aka karɓe makamai daga mayaƙa sama da 70,000, aka koya wa da dama aikin kafinta, ɗinki da gini. Sai dai horon 'yan watanni ne, kasuwa kuma babu, wasu suka sayar da kayan aikin da aka ba su. Da yawa sai a acaɓa suka samu abinci, a garuruwa irin su Bo da Makeni.

'Yan matan da aka sace a lokacin yaƙin kuwa, yawancinsu ba su shiga shirin ba. Masu tsara irinsa a Borno da Yobe su lura da wannan giɓi.