Kalmomin Kogunan Jikin Ɗan'adam a Hausa

A Jami'ar Sakkwato da aka kafa a 1975, wadda aka sauya wa suna zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1988, ana horar da likitoci da Ingilishi, alhali marasa lafiyan da za su duba da Hausa suke kai kukansu. Matsalar ta fi fitowa a kalmar "ciki". Idan majiyyaci ya ce cikinsa na ciwo, yana iya nufin tumbi, ko hanji, ko mara. Ga mace kuwa, kalmar na iya nufin juna biyu. A wurin likita, kowanne da irin bincikensa da maganinsa.

Hausa na da hanyoyi uku na raɗa wa wuraren nan suna. Ta farko ita ce aro daga kayan gida, kamar ƙwaryar kai da ƙoƙon kai. Latin ma haka ta yi, domin sunan da ta ba ƙashin ƙugu asalinsa tasa yake nufi. Ta biyu ita ce aro daga ramukan da ake gani a ƙasa ko bango, kamar kafar hanci da gurbin ido. Gurbi shi ne ɗan ramin da kaza ke yin ƙwai, kuma karin maganar nan "gurbin ido ba ido ba ne" ta nuna Bahaushe ya bambance mazubi da abin da ke cikinsa. Ta uku ita ce ɗafa "ma-" a gaban aikatau don nuna wurin aiki, watau mahaifa da mafitsara.

Abin da ya rage shi ne kalma ɗaya tak da za ta game su duka. A nan akwai darasi daga ƙasar Finland, inda aka kafa ƙungiyar likitoci ta Duodecim a 1881 don raya harshen ƙasar a fannin likitanci. A harshensu "ontelo" na nufin kogo, sai a haɗa ta da sunan gaɓa: "rintaontelo" kogon ƙirji, "vatsaontelo" kogon ciki, "nenäontelo" kogon hanci.

Kalmar "kogo" za ta iya ɗaukar wannan nauyi a Hausa. Da ita ɗalibi zai rarrabe kogon ciki da tumbin da ke cikinsa. Amma kafin a tsayar da shawara, ya kamata a tuntuɓi mahautan Sakkwato da wanzamai da unguwarzoma, domin su ne suka fi kowa riƙe sunayen kayan ciki.