Kwamfuta a lakwal: kafin mu zuba kuɗi, mu san abin da ake samu kyauta

Duk lokacin komawa lakwal cikin watan Oktoba, mu uwaye mun san abin da ke jiranmu: kaye, bik, tufafi da kuɗin ƙungiyar uwayen yara. Yanzu kuma an ƙaro maganar kwamfuta. A wani shirinmu na rediyo, wata mai sayar da albasa ta bugo tarho, ta ce an nemi su haɗa kuɗi don sayen tsofaffin kwamfutoci, sa'an nan aka ce sai sun ƙara na manhajojin da za a zuba a ciki. Ta ce: "Malam, shin wannan dole ne?"

Hajiya, injin kam sai an saya, amma manhaja akwai ta kyauta, kuma ba ta sata ba. A 1983 wani Ba'amurke, Richard Stallman, ya soma fafutikar manhaja mai 'yanci: kowa ya yi aiki da ita, ya binciki cikinta, ya gyara, ya ba wani. A 1991 Linus Torvalds, ɗalibi a ƙasar Finlan, ya fito da Linux, wadda ke iya maye gurbin Windows. Maganar ta ƙara nauyi tun ranar 14 ga Oktoba 2025, da kamfanin Microsoft ya janye kulawar da ya saba yi wa Windows 10, ga shi kuma tsofaffin injuna da dama ba su ɗaukar Windows 11. Irin waɗannan injunan ne ake kawowa kasuwanninmu, kuma akwai ire-iren Linux marasa nauyi da aka tsara dominsu.

To, mi yara za su yi da su? LibreOffice na da wurin rubutu da na lissafi. Mushe na iya tura 'yan aji kasuwa kowane mako su rubuto farashin tiyar hatsi tun daga kaka har bazara, su zuba cikin jadawali, su ga da idonsu watan da ya fi tashi. Ko a ce an sari buhun albasar Galmi jikka 10, mota da dako sun ci jikka 2, aka sayar jikka 14: yaro ya koya wa injin ya fitar da ribar jikka 2, in farashi ya sauya lissafin ya gyara kansa. Yaron da ya iya wannan, gobe shi ne zai riƙe maki littafin bashi.

Ƙananan yara suna da GCompris, wasannin koyon ƙirga da haruffa. Kiwix na buɗe Wikipedia ba tare da intanet ba, in an riga an kwafe ta. Da Audacity, wadda mu ma muke gyara murya da ita, ɗalibai na iya ɗaukar hira da tsofaffin majema ko marina na garinsu.

Sai dai kyauta ba ta hana ɗawainiya. Akwai wuta, akwai ƙura, akwai mai gyara, kuma in malami bai samu horo ba, injin zai zama kayan ado. Saboda haka ranar taron uwaye, ku bar rumfa na awa ɗaya ku je, ku yi tambaya uku: wace manhaja za a zuba, wa zai koyar, kuma wane aiki yara za su nuna mana ƙarshen shekara?