Nawa Ne Zoben Daimon Na Baiko?

Jama'armu mazauna Ikko da Badun, kuna ganin yadda samarin nan ke sa wa budurwa zoben daimon ranar baiko. To, kafin wani ɗanmu ya kwaikwaya, ga yadda kuɗin yake.

Ana auna daimon da karat, watau kashi ɗaya cikin biyar na giram. Amma farashi ba ya bin nauyi sau da ƙafa. Dutse mai karat ɗaya ya fi guda biyu masu rabin karat tsada, domin manya sun fi wuyar samu. Bayan nauyi ana duba launi da tsabta da kyan yanka.

Mai ƙaramin ƙarfi, da dala 1,000, zai sami ɗan ƙaramin dutse, ko kuwa irin wanda ake yi a masana'anta, wanda ido ba ya bambanta shi da na haƙa. Karat ɗaya na haƙa mai kyau kuwa sai dala dubbai. A Amurka, in an yi ƙiyasi, ango kan kashe wajen dala 5,000.

Kamfanin De Beers ne ya yaɗa wannan al'ada da talla tun daga 1938, har daga baya aka riƙa ce wa saurayi ya kashe albashin wata biyu.

Abin da mai kanti ba zai faɗa maka ba shi ne ranar sayarwa. Gwal ɗin lefe, in rana ta ɓaci, a kan awo ake sayensa. Daimon kuwa, da ƙyar a ba ka rabin abin da ka biya.