Suyar Fanke Da Cincin A Abuja: Ribar Tana Cikin Kasko

Duk wanda ya taɓa yin sammako daga Mararraba ko Nyanya ko Kubwa domin ya riski wurin aikinsa a cikin birnin Abuja, ya san akwai waɗanda suka riga shi tashi. Su ne masu suyar fanke da donat da sauran kayan fulawa, waɗanda tun kafin kiran assalatu sun gama kwaɓi, sun rufe shi ya tashi, sun hura wuta. Ma'aikaci ya sayi uku ya haɗa da shayi, ɗan makaranta ya jefa biyu a jaka, leburan gini kuwa sau da yawa abin da zai riƙe masa ciki ke nan har azahar.

Galibin jama'a ba su ɗauki wannan aiki a bakin sana'ar da ake zama a koya ba. Gani suke yi ai kowa ya iya jefa ƙullu a cikin mai. Amma wanda ya taɓa zuba jarinsa ya san ba haka abin yake ba, musamman yanzu da fulawa da mai suka yi tsadar da kuskuren kasko ɗaya kan cinye ribar yini guda.

Suyar kayan alkama dai ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa ana noman alkama da rani a fadamu, ana ban ruwa da jigo, kuma da ita ake yin alkaki da funkaso. Sai dai a lokacin abincin masu hali ne da na ranar biki. Fulawar inji ce ta sauko da shi bakin titi, bayan da kamfanin Flour Mills ya fara niƙa a Apapa ta Ikko cikin 1962, daga baya kuma aka kafa wani injin a Kano. Daga nan fanke, wanda sunansa ma aro ne daga Turanci, ya zama abin karin kumallon talaka.

Abuja kuwa kamar don wannan sana'a aka tsara ta. A 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yi dokar kafa sabon Babban Birnin Tarayya, aka kuma tare a cikinsa ran 12 ga watan Disamba, 1991. Tun daga lokacin tsadar haya ta kori yawancin ƙananan ma'aikata zuwa garuruwan gefe, watau dole mutum ya bar gida da duhu, bai karya ba. Inda duk aka tara mutane masu sauri da yunwa, to, mai kasko ya sami kasuwa.

Wuraren koyo ma akwai su. Hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, watau NDE, wadda ta fara aiki a 1987, tana tura matasa wurin masu sana'a su koya. Asusun horar da ma'aikata na ITF yana da cibiya a Abuja inda ake koyar da girke-girke, haka kuma Cibiyar Bunƙasa Mata ta Ƙasa. Ban da waɗannan, ga ɗimbin masu shirya horo na mako ɗaya ko biyu, a biya kuɗi, a ba mutum takardar shaida da jerin awo: fulawa kaza, sukari kaza, yis kaza. Babu laifi a cikin haka. Illa dai awo shi ne mafi sauƙin abin da ke cikin sana'ar, wahalar kuwa tana wurin wuta.

Zafin man da ya dace da irin wannan suya yana tsakanin digiri 175 zuwa 190 a ma'aunin Salsiyas. In mai ya kai haka, da zarar ƙullu ya faɗa sai bayansa ya ƙame nan take, ruwan da ke ciki ya riƙa fita yana tururi, ya hana mai kutsawa. In zafin bai kai ba, sai ƙullun ya zauna yana shan mai kamar auduga. Ya fito da nauyi, mai saye ya matsa shi a takarda ya ga ta jiƙe, mai suya kuma ya duba kaskonsa ya tarar man ya ragu ba dalili. In kuwa zafin ya wuce kima, bayan ya ƙone, cikin yana ɗanye. Wanda ba shi da ma'aunin zafi, kuma su ne suka fi yawa, yakan gutsuri ƙullu kaɗan ya jefa. In ya nutse ya taso nan da nan yana tsuwa, mai ya yi. In ya kwanta a ƙasa, a ƙara haƙuri.

Wani abin da sabon shiga ba ya ganewa da wuri shi ne, kowane ƙullu da aka jefa yana rage zafin man. Gaggawa takan sa ya cika kasko maƙil don ya sallami masu jira, sai man ya huce, ya koma gidan jiya. Har wa yau kowane abu da irin wutarsa. Cincin ba ya son wuta mai ƙarfi, domin so ake ya bushe har ciki, kuma sai ya huce sarai kafin a rufe shi, in ba haka ba ya yi laushi cikin kwana biyu. Donat kuwa sai an bar shi ya sake tashi bayan an yanka, in an yi garaje ya fito kamar dutse.

Shi kansa kwaɓin yana bin yanayi. Yis abu ne mai rai: ruwa mai ɗumi yake so, tafasasshe kashe shi yake yi. Kwaɓin da zai tashi cikin ɗan lokaci a zafin watan Maris na Abuja, har ya yi tsami in an yi sakaci, shi ne zai ƙi motsi da sanyin hunturu sai an kai shi kusa da murhu. Takardar awo ba ta faɗin wannan. Sai mutum ya ga rani ya ga damina a bakin kasko.

Dalilin da ya sa waɗannan ƙananan abubuwa suka zama manya shi ne kuɗi. Kusan dukan alkamar da Nijeriya ke niƙawa daga waje ake sayo ta. Gwamnatin Janar Babangida ta taɓa hana shigo da ita a 1987 don a noma a gida, amma ala tilas aka janye hanin bayan 'yan shekaru. Ƙididdigar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi ta nuna abin da aka noma a 2021 bai kai tan 40,000 ba, alhali kuwa miliyoyin tan ake ci a shekara. Saboda haka da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren a 2022, sa'an nan aka janye tallafin fetur darajar naira kuma ta faɗi a 2023, sai farashin buhu ya tashi ya bar masu suya a baya. Mai gidan burodi yana iya ƙara kuɗi. Mai fanke kuwa ya san aljihun masu sayensa, don haka sai ya rage girman fanken, har ya zama abin ba'a a tasha.

A nan ne kuma haɗarin yake. Wanda ya yi asarar mai saboda rashin iya wuta, shi ne zai ƙi zubar da tsohon mai. Man da aka yi ta maimaita suya da shi yakan yi baƙi, ya yi kauri, ya riƙa kumfa da hayaƙi tun bai yi zafi ba, kuma likitoci sun daɗe suna gargaɗi a kan illarsa ga zuciya da jijiyoyin jini. Hukumar NAFDAC ta yi ƙa'ida a 2022 wadda ta taƙaita wani nau'in kitse mai cutarwa, irin wanda ake samu a daskararren man masana'anta, kada ya wuce giram 2 cikin kowane giram 100 na mai. Amma doka ta fi saurin isa masana'anta bisa ga kaskon bakin hanya. A can, sai abin da aka koya wa mai suya: ya tace mansa kullum, ya kwashe ɓurɓushin da ke ƙonewa, ya san ranar da zai haƙura da shi. Kamata ya yi kuma a koya masa cewa in kasko ya kama wuta ba a watsa masa ruwa, kashe murhu ake yi a rufe shi da murfi.

Da yake hukumar kula da muhalli ta Abuja ta hana talla a titunan cikin birni, masu dabara sun koma kai kaya kantuna da makarantu, da karɓar aikin biki da na Salla, inda ake auna cincin da bokiti. Sai dai a nan ma akwai giɓi. Masu horon gaggawa sun fi karkata ga donat da kayan zamani, ba kasafai suke taɓa alkaki da dubulan ba, waɗanda garar amarya ba ta cika sai da su. Alkaki kuwa aiki ne na kwanaki: a ɓarza alkama, a kwaɓa, a bar ta ta yi tsami, a naɗe da hannu ɗaya bayan ɗaya, a soya, sa'an nan a tsoma cikin zuma ko ruwan sukari. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne a ga uwar amarya tana zaune a Gwarimpa ko Garki, amma ta aika Kano ko Zariya a yi mata, a ɗoro a mota.