Na'ura a Ajin Manya: Amfaninta Wajen Koyarwa a Kwalejoji da Jami'o'i



Idan aka ambaci na'ura wajen koyarwa, hankalin yawancin mutane yakan tafi ga kwamfuta da intanet, kamar dai jiya aka fara abin. Alhali kuwa garin nan na Kaduna ya daɗe cikin wannan harka. Iyayenmu sun kalli majigi a dandali, inda aka nuna musu tsafta da dabarun noma. Gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna ya fara aiki a 1962, shekarar da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, kuma an yi ta watsa darussan makarantu ta iska. A 1977 aka kafa cibiyar ƙasa ta fasahar koyarwa a nan Kaduna. Saboda haka tambayar da ke gabanmu ita ce, wace matsala ce na'ura take warwarewa wadda allo da alli suka gaza?

Matsala ta farko ita ce yawan masu nema da ƙarancin masu bayarwa. Da gwamnati ta ƙaddamar da shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976, yaran da suka cika makarantu sun zarce lissafin da aka yi, malamai masu takardar shaida kuwa ba su isa ba. Ba ya yiwuwa a kwashe malaman da ke aji a kai su kwaleji shekara biyu ko uku, don kuwa wa za a bar wa yaran? A shekarar nan aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna, wadda aka fi sani da NTI. Dabararta ita ce a kai wa malami karatu inda yake. A rubuta darasi filla-filla, a buga, a aika masa, ya karanta da dare, ya haɗu da mai duba shi a ƙarshen mako ko lokacin hutu. Injin ɗab'i da gidan waya su ne na'urorin wannan zamani, kuma sun yi aikin da gini ba zai iya yi cikin gaggawa ba.

Ingila ta riga ta bi wannan hanya a matakin jami'a, inda ta kafa buɗaɗɗiyar jami'arta a 1969, tana koyarwa ta rediyo da talabijin. Mu ma an kafa tamu a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, ba a farfaɗo da ita ba sai a farkon shekarun 2000. A ganina shekarun nan da aka yi asara sun fi cutar ma'aikacin gwamnati a kan kowa. Mu ɗauki akawu mai iyali da ke zaune a Kurmin Mashi, yana fita ofis da safe, ya dawo da la'asar. Ba zai ajiye albashi ya koma ɗakin kwanan ɗalibai ba, amma ƙarin girma a wurin aiki na jiran takarda. Yau wayar da ke aljihunsa tana iya ɗauke da laccar mako guda da littattafan zango gaba ɗaya.

Akwai kuma wani amfani da ba a cika kula da shi ba, wato maimaici. Duk wanda ya taɓa zama a bayan babban zauren lacca ya san yadda magana take ɓacewa kafin ta iso shi. Malami ya faɗi abu sau ɗaya, da Turanci, cikin sauri, ya wuce. Ɗalibin da ya fito daga makarantar karkara, kunnensa bai saba ba, kunya kuma ta hana shi ɗaga hannu. In an naɗi laccar, sai ya saurara sau uku ko huɗu, ya tsayar inda ya sarƙe, ya duba ƙamus. Ai ko a makarantar allo da biya ake haddacewa. Malamin ma ya samu sarari, domin abin da ya saba shiftawa ɗalibai suna kwafa ya riga ya isa hannunsu, sa'ar aji ta koma ta tambaya da muhawara da gyaran kuskure, waɗanda su ne ainihin aikin malami.

A fannin kimiyya da sana'a lamarin ya fi fitowa fili. Ku leƙa garejojin makanikai da ke bakin titin Nnamdi Azikiwe. Motocin yanzu suna da ƙwaƙwalwa a cikinsu, kuma za ka tarar da yaron gareji ya jona na'urar gano ciwon mota, ya karanta abin da ta nuna, in ya rasa gane wani abu ya nemi bidiyonsa a waya. To, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wadda ta samo asali tun 1956, da sauran takwarorinta, ba zai kyautu a ce ɗalibinsu na injiniya ya san injin a zanen allo kawai ba, alhali wanda bai shiga aji ba yana sarrafa na'urar. Haka ɗalibin likitanci zai iya kallon yadda zuciya take bugawa, ɗalibin gine-gine ya gwada ƙarfin ginshiƙi a kwamfuta kafin a zuba buhun siminti ko ɗaya. Laburare kuwa, mujallar bincike da a da sai an jira ta watanni daga Turai, yanzu ana samun ta ranar da ta fito, in jami'a ta biya kuɗin rajista.

Sai dai shekarar 2020 ta auna mu. Annobar korona ta sa an rufe makarantu a watan Maris, yajin aikin malaman jami'a kuma ya ɗauki kusan wata tara. Makarantun da suka riga suka shirya sun ci gaba da darasi ta intanet, mafi yawa kuwa suka tsaya cik. Abin lura shi ne, da Jihar Kaduna ta so isa ga ɗaliban sakandare a gidajensu, rediyo da talabijin ta koma wa, domin akwatin rediyo ba ya bukatar data, batir biyu sun ishe shi. A 2021 ma an katse layukan waya a wasu sassan jihar saboda tsaro, wanda duk karatunsa ya rataya a kan intanet ya ga ta kansa.

Ga ma'aikatan da ke rubuta kasafi nake wannan magana. Sayen kwamfuta ɗari abu ne mai sauƙi, yana kuma da kyau a hoton ranar buɗewa. Abin da ake mantawa shi ne wutar da za ta kunna su, da mai gyara, da kuɗin intanet na shekara mai zuwa, da horon malamin da zai tsaya gabansu. In kuɗin bai isa duka ba, a rage yawan injinan, a sa faifan hasken rana a rufin ɗakin, a ɗauki ma'aikaci guda mai kula da su, a kuma bar ƙofar a buɗe har bayan sallar isha'i, lokacin da ɗalibi mai aikin ofis yake samun sukuni.